Liƙin da Na Yi wa Tankin Manu

Ran Talatar da ta wuce na bugi hannun jikata Safiya da muciya a gaban ƙawayenta, kuma har yau gaisuwarta a bakin ƙofa take tsayawa. Matar aure ce da goyo a baya, na sani, ba a dukan irinta. Amma gani na yi ta ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ta nufi hancin tankin da muke gumin shinkafa da shi, wai yana huci za ta toshe. Hannuna ya riga bakina. To, tunda wata mai kamawa za ku kai tankin nan baje kolin amfanin gona a Kalgo, kuma na ji kuna cewa igiyar da nake sa a kewaye shi ƙauyanci ce, tana hana masu ɗaukar hoto matsowa, bari in ba ku labarin tun daga tushe. Wadda ta ji ta ga har yanzu muciyar ba ta dace ba, ga ni zaune, ta zo ta rama.

Ku a ganinku gumi ba komai ba ne. A zuba shanshera, a hura wuta, a sauke, a kai inji. Haka kuka tarar da shi, ba laifinku. Ni a Dangoma na koya, a hannun ƙanwar mahaifina, Gwaggo Tumba, Allah ya haskaka makwancinta. Gajeruwa ce, tafin hannunta kamar gindin tukunya, tana ɗaukar garwashi da yatsu ta mayar murhu ba ta ko yarfewa. Shekarata ta farko a gidanta ban ko matsa kusa da wuta ba. Wanki kawai. A juye shanshera, wato shinkafar da ke cikin rigarta, a babban masaki, a zuba ruwa, a dama da hannu har gwiwar hannu, marasa ƙwaya su taso a kwashe wa kaji. Sai a rege da ƙwarya, a hankali, a hankali, har tsakuwa ta rage ita kaɗai a gindi. In Gwaggo ta tsinci tsakuwa ɗaya a abin da na rege, ba ta faɗa. Ajiye mini ita take yi a gefen akushina lokacin cin tuwo.

Shekara ta biyu ta koya mini jiƙo. A ɗumama ruwa har yatsa ya kasa daɗewa a ciki, amma kada ya tafasa. A zuba shanshera, a rufe, ta kwana. In aka sauke da wuri cikinta ya rage fari, ta kakkarye a turmi. In aka bari ta wuce lokaci ta yi tsami, kuma warin nan ko an kai ta Birni sai ya bi ta. Ba agogo muke da shi ba. Hanci ne, da haƙori.

Aikin da ya zama nawa, wanda har aka san ni da shi, shi ne liƙi. Sauran mata a tukunya ɗaya suke gumi, ruwa kaɗan a ƙasa, shinkafa a sama, ta ƙasan ta dafe ta yi ja, ta saman ta rage ɗanya. Gwaggo ba ta yarda ruwa ya taɓa shinkafarta ba. Tukunyar ruwa a ƙasa, babban madambaci a kanta, shinkafa a ciki, a rufe da buhu. Tururi kaɗai ke aiki. Inda bakin tukunya ya haɗu da gindin madambaci, nan ake liƙewa. Laka mai danƙo, da ɓuntu mai laushi, wato ƙaiƙayin shinkafa, da ɗan toka, a kwaɓa, a shafa a tsumma, a naɗa, a bi da babban yatsa ana dannawa. A ƙarshe a bar ɗan bakin tsumman yana reto, Gwaggo tana kiransa wutsiya, don in an gama shi za a ja liƙin ya warware gaba ɗaya ba sai an fasa tukunya ba.

In na gama sai ta ɗauko gashin kaza ta zagaya da shi bakin tukunyar. In gashin ya motsa ko kaɗan, ta dube ni.

"Ke Kulu, wanga tururi da ke fita, iccen wa yake ci?"

"Namu, Gwaggo."

"Wa ya ɗauko shi daga daji?"

"Ni."

"To wuyanki kika ƙona. Sake."

Haka na yi ta sakewa har hannuna ya daina tambayata. Ko hira nake yi, in na ji "sss" a bayana, sai in ga tsumma a hannuna ban san lokacin da na ɗauka ba. Ku riƙe wannan, don a kansa labarin yake.

Sauran aikin kun san shi, ko da yake kuna gaggawarsa. In rigar shinkafa ta fara tsagewa, ƙamshi ya canza ya koma kamar na sabon ɗaki da aka yayyafa wa ruwa, a sauke. A baza a tabarma, ana bi da ƙafa ana juyawa. Rana ta sha rabin ruwan, inuwa ta sha sauran. Wadda ta bar wa rana duka, ta yi wa kaji aiki, don tsaki za ta samu. Sannan turmi. Mu huɗu a turmi biyu, ana cashewa ana waƙa, ana cilla taɓarya sama a tafa kafin ta dawo. Wannan kam ya wuce, inji ya karɓe, kuma ban ce a dawo da shi ba, kafaɗuna sun san abin da suka sha. Amma hirar bakin turmi, ita ban ga abin da ya maye ta ba.

Da aure ya kawo ni Gwandu na zo da madambacin da Gwaggo ta ba ni. Nan na sami abokiyar aiki, Hajo, maƙwabciyata, doguwa mai murya, wadda in ta yi dariya a bayan gari ana ji a kasuwa. Masu saye kuwa kowa da halinsa. Akwai wata mai abinci a tasha, ba ta duba shinkafa da ido. Ɗiba take yi ta watsa a tiren ƙarfe ta kasa kunne, in ta ji "ƙas" na tsakuwa ta tafi abinta ba ko sallama. Shekara da shekaru tana watsa tawa, ranar da ta daina watsawa ta ce kawai in auna, ranar na san na zama mai gumi. Akwai matan rugage da ke kawo man shanu su tafi da tsaki. Akwai gidajen biki, waɗanda sai saura kwana biyu su aiko, kamar rana baiwarsu ce da za su ce ta busar da wuri.

Ana nan, ana nan, sai shekarar ruwa ta zo. Gulbi ya cika ya haye fadamar Kalgo ana gab da yanka, shinkafa ta kwana bakwai a ƙarƙashin ruwa. Abin da aka tsamo ya zo mana baƙi-baƙi, wani ya fara tsiro. Icce ya yi wuya, wanda aka samu jiƙaƙƙe. Muka koma ƙona kara da ɓuntu da kashin shanu, idanunmu kullum ja. Ga farar shinkafar buhu ta cika kasuwa, mai abincin tasha ma ta koma can, ta ce in yi haƙuri. Mu goma sha biyu ne masu gumi a unguwarmu. Kafin wata damina mun koma shida. Mu shidan ma icce ne zai kore mu, don tukunya ɗaya ba ta wuce rabin buhu, kuma kowace tukunya da wutarta.

A nan Manu mai walda ya shigo labarin. Ɗan unguwarmu ne, a gabana aka yi sunansa, mahaifiyarsa tana cikin waɗanda suka bar gumi a shekarar ruwa. Ya haɗa wani abu a garejinsa. Tankin ƙarfe ne a kwance a kan ƙafafun amalanke, shanu biyu ke jansa, da murhu a ƙarƙashi. Bututu ya fito daga tankin ya shiga gindin wani babban duro inda ake zuba shinkafa. A gefe akwai agogo mai hannu ɗaya. A can bisa kuma akwai ɗan guntun bututu da wani ƙarfe kwance a kansa, da dunƙulen ƙarfe rataye a ƙarshe. Wannan shi yake kira hanci. Ya ce wuta ɗaya za ta gumi buhu huɗu, kuma ɓuntu ma ya ishe ta. Ya gwada a gareji da buhu ɗaya muna kallo, shinkafa ta fito kamar ta Gwaggo. Ranar hancin bai ce uffan ba. Manu bai gaya mana amfaninsa ba, don a ganinsa ƙarfe zancen maza ne. Mu ma ba mu tambaya ba, don a ganinmu haka ne.

Wani malamin gona ya gani ya ce a kai baje koli a Kalgo, manyan baƙi su gani, in ya burge su za a sa Manu ya ƙera wa matan garuruwa, a fara da mu shida. Amma ya ce buhu huɗun nan da ake faɗa, a gaban jama'a za a yi shi. Manu ya ce bai taɓa cika shi ba. Malamin ya ce ai shi ya sa ake kiransa gwaji.

Ranar baje koli tun da hantsi fili ya cika. Ga albasa an jera kamar kawunan jarirai, ga dammunan gero, ga raguna da shanu an yi musu wanka. Aka ba mu wuri kusa da rumfar baƙi. Manu ya ari doguwar igiya wajen wani tsoho mai sayar da igiyoyi, ya kafa turaku ya kewaye tankin. Tsohon nan ana ce masa Baba Na-Reluwe, don a ƙuruciyarsa ya yi aiki can gabas yana zuba wa jirgin ƙasa kwal. Kunnensa ɗaya ya mutu. Ya bar igiyoyinsa ya jawo buzu ya zauna kusa da mu, ya juyo lafiyayyen kunnen wajen tanki, ya lumshe ido. Hajo ta ce, "Baba, gumi za ka koya da tsufa?" Ya ce, "Ɗiyata, tsohuwar budurwata na zo saurare."

Da muka zo zuba shinkafa, buhu uku ya cika duron. Shinkafar da ta kwana a ruwa kumbura take yi, Manu da busasshiya ya auna. Malamin gona ya ce an riga an faɗa a lasifika huɗu ne. Sai maza biyu suka wanke ƙafa suka hau suka tattake, aka zuba na huɗun, aka danna murfi aka ɗaure. Ni na san ba a tattake shinkafar gumi, tururi hanya yake so. Na buɗe baki, na ga maza da manyan riguna, na rufe.

Ba a daɗe da hura wuta ba sai bajimin da ya ci na ɗaya ya tsinke igiyarsa ya fara tonon ƙasa. Masu shi suka rugo suka kwance tamu, suka ce yanzu za su dawo da ita. Ba ta dawo ba. Jama'a suka matso. Mata da goyo, tsofaffi, masu talla, har wani ya jingina kekensa a ƙafar amalanken. Ana cikin haka aka kira Manu rumfar baƙi ya yi bayani. Yana gyara hula ya ce mana, "Inna Kulu, ku riƙe wuta, kada tururi ya ragu. Yanzu zan zo da su."

Muka riƙe wuta. Lokacin da ya kamata ƙamshi ya tashi ya yi, ƙamshi bai tashi ba. Na dafa duron, ƙasansa zafi, samansa sanyi. Muka ƙara ɓuntu. Sai hancin nan ya fara: sss, ya tsaya, sss, ya tsaya. Can ya saki huci mai tsawo, farin tururi yana tafiya sama a banza.

Hajo ta kama haɓa. "Kulu, abin yaron nan yoyo yake! Ga inda tururin ke zurarewa, shi ya sa ba ta nuna ba."

Wata daga cikin 'yan kallo ta ce, "Yo masu gumin Gwandu ke nan? Ko liƙi ba su iya ba?"

Ni aka gaya wa wannan, ni ɗiyar gidan Tumba. Ko ba ta faɗa ba ma hannuna ya riga ya tafi. Kullum da kwaɓin laka nake tafiya a ƙwarya. Na taka ƙafar amalanke na hau, na sa muciya na danne ƙarfen da ke ɗagawa, hucin ya tsaya. Na naɗa tsumma na haɗe shi da bututun, na zagaya sau bakwai, na bi da laka, na danna da babban yatsa, na bar wutsiya. Zafin ƙarfen ya gasa lakar nan take. Ban taɓa yin liƙi mai kyau kamarsa ba. Ko gashin kazar Gwaggo aka kawo ba zai motsa ba. Na sauko, mata suka yi mini guɗa. Hajo ta juya wajen mai maganar ta ce, "To kin gani, uwar iyawa?" Muka ƙara wuta.

Baba Na-Reluwe ya yi gyangyaɗi a kan buzunsa. Shirun ne ya tashe shi. Ya buɗe ido, ya karkata kai, ya miƙe da saurin da ban zaci yana da shi ba.

"Wa ya rufe mata baki?"

Na ce, "Ni ce, Baba. Yoyo take."

Bai dube ni ba. Ya je ya leƙa agogon. Ni ban iya karatunsa ba, amma na ga hannun ya wuce jan fentin da Manu ya shafa, yana rawa. Sannan na ji abin da kunnena ya sani tun Dangoma, irin ƙarar da tukunyar ƙasa ke yi kafin ta tsage, ƙas, ƙas, sai dai wannan ta ƙarfe ce. A jikin ɗinkin walda wasu ɗigo-ɗigon ruwa suka fito suna tafasa.

Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Wancan ba yoyo ba ne, numfashinta ne. In ta fashe, daga nan har rumfar can ba mai ɗaukar wani. Ku janye wuta. Duka. Yanzu."

Hajo ta sunkuci bokitin ruwa za ta watsa wa tankin. Ya riƙe hannunta. "Kul! Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, ke za ki fasa ta da kanki."

Ya juya ya ɗaga hannu yana ce wa mutane su ja baya. Wa zai ji tsoho mai igiya? Da suka ga ana wani abu sai suka ƙara matsowa, na baya suna tura na gaba, kowa yana so ya gani. Akwai wata mai goyo da ta tsaya dab da duron tana ba ɗanta nono.

Hajo ce ta kore su, ba da baki ba. Ta sa hannu ta fizgo icce mai ci da wuta ta wurga shi ƙasa wajen ƙafafunsu. Na fizgo na biyu na wurga ɗaya gefen. Sauran matan huɗu suka sa shebur da faranti suna kwaso garwashi da ɓuntu mai wuta suna watsawa a zagaye. Sai ga fili ya buɗe. Ana zaginmu, ana cewa matan Gwandu sun haukace, mai keke yana kururuwar tayarsa. Hajo tana cewa, "Awo, mun haukace! Matso in ƙona maka gemu!" Kafin a jima wuta ta yi mana da'irar da igiya ta kasa.

Murhu ya koma fayau, amma Baba ya sake duba agogo ya girgiza kai. Ƙarfen gindin ya riga ya yi ja, hannun agogon bai sauka ba, ƙarar kuma ba ta daina ba. Ya zare doguwar gora daga rumfar wani mai albasa, ya tsaya nesa ya bugi liƙin. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Ko gezau. Lakar ta zama dutse. Ya ce, "Wane irin hannu ne ya yi wannan?"

Na ce, "Baba, ba a fasa shi. Wutsiya ake ja."

"Ina wutsiyar?"

Idonsa ba ya ganinta. Ɗan bakin tsumma ne kamar yatsa, yana reto ta bayan bututun. Na karɓi gorar, na cire ɗan kunnena na ƙarfe na lanƙwasa na ɗaura a bakinta da zaren gefen zanena. Gorar ba ta kai ba sai na shiga kusa. Baba ya ce in tsaya ta gefen ƙafar amalanke, in sunkuya, in kau da fuska. Na yi bismilla. Na laluba sau biyu ban samu ba, na uku ya kama. Na ja yadda Gwaggo ta koya mini, ba fizga ba, ja ɗaya mai tsawo.

Ƙarar da ta biyo baya ban taɓa jin irinta ba. Tururi ya tashi kamar bishiyar rimi, ya yaye zanar rumfar mai albasa ya kai ta wani wuri. Shanu suka yi ta kuka, baƙi suka kife kujeru. Guntun laka mai zafi da ruwan da ya biyo shi suka sauka a hannuna na dama. Wannan farin tabon da kuke gani daga wuyan hannu zuwa gwiwa, wanda Safiya tana ƙarama take cewa taswira ce, a nan na samo shi. Ban da shi, da tayar keke, da zanar mai albasa, ba wanda ya rasa komai. Hucin ya daɗe yana yi, yana raguwa, yana raguwa, har ya koma sss, ya yi shiru don kansa.

Manu ya iso a guje ba hula. Ya dubi tsumman a bakin gora, ya dubi hancin.

"Inna, wa ya ce ki taɓa shi?"

"Wa ya ce mini kada in taɓa?"

Baba Na-Reluwe yana naɗe buzunsa ya ce, "Ku bar shi haka nan. Kai ka ƙera abu ka ba mutane ba ka gaya musu inda ransu yake ba. Ke kin ga abin da ba ki sani ba kin yi masa maganin abin da kika sani. Wanda ya ce a fara gwada kaya a tsakiyar jama'a kuma, ga shi can bayan rumfa yana neman takalminsa. Ni ma da na ga an kwance igiyata na ci gaba da gyangyaɗi, ina cikinku."

Da aka buɗe duron, ta ƙasa ta dafe ta zama tuwo ta toshe bakin bututun, ta sama ko ɗumi ba ta yi ba. Ba wanda ya sake zancen ƙera wa matan garuruwa. Muka komo Gwandu a bayan amalanke. A kasuwa an daɗe ana ce mana masu jifa da wuta.

Bayan sati uku, hannuna yana naɗe, sai ga Baba Na-Reluwe a ƙofar garejin Manu, ya hawo motar kasuwa da igiya sabuwa a kafaɗa. Ya ce a ja tankin bayan gari, gonar da aka girbe, inda ba kowa sai kara. Ya ce kuma a kira matan duka shida, don su ne za su zauna da ita, ba Manu ba.

Ranar ba a fara da wuta ba. Ya sa aka cika tankin da ruwan sanyi har baki, aka toshe, Manu ya yi ta matsa ruwa da famfon hannu. Baba ya ce in ƙarfe zai gaza, gara ya gaza da ruwan sanyi, don ruwan sanyi tsiyaya yake yi, ba ya tashi da mutum. Wuri biyu suka yi hawaye a ɗinkin. Manu ya sake walda, aka sake matsawa, sai da ya bushe ƙamas. Sannan ya kafa igiya, ya auna taku ashirin ta kowane gefe da ƙafarsa. Ya sa Manu ya soka bututu mai huji-huji a tsakiyar duron don tururi ya sami hanya. Ya kira mu ɗaya bayan ɗaya ya nuna mana jan fentin agogo, da ɗan famfon da ake buɗewa a ga ko ruwa bai yi ƙasa ba, ya sa kowace ta ɗaga ƙarfen hancin da sanda ta ji yana motsi. Sai aka hura wuta da buhu ɗaya. Aka sauke, aka bari ta huce, aka yi biyu. Kashegari uku. A uku shinkafa ta nuna daga ƙasa har sama, hanci ya yi huci sau biyu ya yi shiru. Manu ya ce a gwada huɗu. Baba ya ce a zuba ba tattakewa. Bai shiga ba.

"To kayanta uku ne," in ji shi. "Wanda ya ce huɗu, ya zo ya zauna a kanta."

Da tankin nan mu shida muka tsira da sana'armu. Ɓuntun da ake zubarwa a bayan inji ya zama iccenmu. Mai abincin tasha ta dawo, ta watsa a tire sau ɗaya don kada a ce ba ta watsa ba. Baba Na-Reluwe yakan zo lokaci-lokaci ya shimfiɗa buzu a wajen igiya ya saurara, mu ba shi tuwo, har shekarar da bai zo ba. Hajo ma ta tafi, Allah ya jiƙansu duka. Wanda kuke aiki da shi yanzu shi ne na uku da Manu ya ƙera, kuma kowanne sai da ya kwana biyu a bayan gari kafin ya ga mutane.

Saboda haka ga abin da za a yi kafin Kalgo. Za ku ja shi gonar bayan gari, ku kira Manu ya matsa masa ruwan sanyi, ku ɗora masa kayan da za ku ɗora a can, ba ƙari ko kwano ɗaya. A filin kuma igiya taku ashirin, kuma ba a ara wa kowa ita, ko bajimin wa ya tsinke. Mai hoto ya ɗauka daga inda yake. Wadda ke kan wuta ba ta tashi don an kira ta gaisuwa. Liƙi kuwa zan ci gaba da koya muku, murfin duro yana so, mahaɗin bututu yana so, kuma har yau ba wadda ta kamo ni a cikinku. Wuri ɗaya ne kawai ba a kai masa tsumma.

Safiya, ban buge ki don kin yi wauta ba. Hannun mai gumi gare ki, ya ji huci ya tafi, kuma ni na koya masa. Ran baje koli ki duba inda nake zaune a bakin igiya. In hancin ya fara, za ki ga na ɗaga cinya na tura hannun dama a ƙarƙashi na zauna a kansa. Shekara nawa ke nan, har yau bai daina neman tsumma ba.